Lokacin da ake zuba wa ƴan makaranta giya a Faransa

Duk lokacin da na gaya wa abokan aikina malamai cewa har zuwa shekarar 1956 ana ajiye giyar inabi a teburin cin abincin ƴan firamare a Faransa, sai su ɗauka zolaya nake. Alhali haka abin yake. Ƙasar da muka gaji tsarin makarantar bokonmu daga wurinta ta daɗe tana ganin giya abinci ce. Iyaye a karkara kan saka wa yaro ƴar kwalba cikin jaka, an sirka ta da ruwa, wai ta ƙara masa ƙarfi kuma ta kare shi daga sanyi. Ruwan sha a ƙauyuka da yawa ba shi da tsabta, masu sayar da giya kuma suna talla da sunan Pasteur, masanin da kowane ɗan makaranta ya sani. A shekarun 1950, in aka raba giyar inabin da ake sha a ƙasar bisa yawan jama'a, kowane mutum zai tashi da fiye da lita 100 a shekara.

Ba wai babu doka ba ne. Tun ranar 23 ga Janairu 1873 aka kafa dokar hukunta maye a bainar jama'a, kuma abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne ba mashayi kaɗai ta kama ba. Mai gidan giya da ya ƙara wa wanda ya riga ya bugu, ko ya ba yaron da bai kai shekara 16 ba barasa mai ƙarfi, shi ma ya yi laifi. Wato an gane cewa mai zubawa yana cikin hayyacinsa, mai sha kuwa hankalinsa raguwa yake da kowane kofi. Sai dai a idon mutanen lokacin, giyar inabi ba ta cikin abin tsoro.

Ilimi ne ya rushe wannan bambanci. Sinadarin da ke bugarwa iri ɗaya ne, ko a giyar inabi yake, ko a burkutu, ko a wiski. Ba ya jiran narkewa kamar tuwo: kaɗan yana ratsa bangon tumbi, mafi yawa ta ƙaramin hanji yake shiga jini, shi ya sa wanda ya sha da yunwa ya fi saurin buguwa. Daga nan ya bazu cikin ruwan jiki har ƙwaƙwalwa. Hanta ce ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na aikin kawar da shi. Tana fara mayar da shi wani sinadari mai guba, asetaldehid, sannan ta mayar da wannan wani abu marar cutarwa. Ragowar ke fita ta numfashi da fitsari da gumi. Kuma hanta ba ta gaggawa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Erik Widmark, ya wallafa lissafinsa a 1932, ya nuna cewa barasa na raguwa cikin jini da sauri kusan ɗaya, wajen giram 0,15 a kowace lita ta jini cikin awa guda. Kofi mai ɗaci ba ya ƙara wannan sauri, wanka da ruwan sanyi ma haka.

To ku auna wannan da yaro mai kilo 25. Ruwan jikinsa kaɗan ne, don haka kofin da babba zai sha bai ji komai ba, a jinin yaron ya ninka. Ga wani haɗari da iyaye ba su sani ba: in hanta ta shagala da barasa, sai ta rage sakin sukari cikin jini, kuma yaro kan iya suma saboda haka. Ni da nake fama da aji bayan cin abincin rana a zafin Afrilu, nakan tausaya wa malamin da aka ce ya koyar da rabawa ga yaran da suka sha giya da tsakar rana.

Wanda ya fara taɓa al'adar daga sama shi ne Pierre Mendès France, shugaban gwamnati daga Yunin 1954 zuwa Fabrairun 1955. Ya sa a riƙa raba madara a makarantu, shi kansa yakan ɗaga kofin madara a wurin liyafa. Ya sha ba'a, har wasu suka ce ya ci mutuncin manoman inabi. Bayan saukarsa, a watan Agusta 1956, ma'aikatar ilimi ta hana ba yaran da ba su kai shekara 14 ba kowace irin giya a kantin makaranta. Manyan ɗalibai kuwa aka bar musu kaɗan, sai a 1981 aka hana a lise gaba ɗaya. Shekara 25 ke nan tsakanin matakin farko da na biyu. A tsakiyar wannan jira, a 1968, wani likitan yara na birnin Nantes, Paul Lemoine, ya bayyana lahanin da ya gani a jikin yara 127 waɗanda iyayensu mata ke shan barasa, amma ba a kula da aikinsa ba sai da likitocin Amurka suka faɗi irin wannan a 1973.

A nan gida addini ya riga ya yanke hukunci a kan giya, shi ya sa da yawanmu ke ganin ba sai an yi wa yara bayaninta ba. Ban yarda ba. Ɗalibanmu na zuwa Yamai da Kwatano da ƙasashen Turai, suna hawa bayan babur ɗin wanda ba su san abin da ya sha ba, kuma wanda ya ce musu ya wanke fuska ya warware, ƙarya yake ko bai sani ba. Faransa kanta sai a 2009 ta hana sayar wa duk wanda bai kai shekara 18 ba kowace irin giya, har da ta inabin.