Baraden gicciye a littattafan zane: me yaranmu ke karantawa?

Ina cikin masu ganin cewa littafin zane, wanda Faransawa ke kira bande dessinée, ba abin rainawa ba ne. Yaron da littafin tarihi na lakwal ke sa shi gyangyaɗi, sai ka ga ya cinye shafi ɗari na zane a zama ɗaya. Shi ya sa na zauna na karanta wasu daga cikin waɗanda ke magana kan baraden Katolika na zamanin yaƙe-yaƙen gicciye, don in ga abin da ke shiga kan ɗalibanmu.

Ƙungiyar da masu zane suka fi so ita ce ta Templiers, waɗanda Larabawa suka kira Dawiyya. An kafa ta a Birnin Ƙudus wajen 1119, a ƙarƙashin Hugues de Payens, don rakiyar masu ziyara Kirista, kuma Coci ta amince da ita a taron Troyes a 1129. Ƴan zuhudu ne masu takobi: ba aure, ba dukiyar kai, sai biyayya. Takwarorinsu Hospitaliers, Isbitariyya a bakin Larabawa, da jinyar marasa lafiya suka fara. Sunansu da kalmarmu ta asibiti tushensu ɗaya.

Littafin Templar na Jordan Mechner, wanda ya fito a 2013, ya ɗauko labarin daga ƙarshensa. Ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307, sarkin Faransa Philippe le Bel ya sa aka kama ƴan ƙungiyar a duk faɗin ƙasarsa. An azabtar da su har suka amsa laifin ridda, Paparoma Clément V ya rushe ƙungiyar a 1312, aka ƙone shugabansu Jacques de Molay a Paris a 1314. Wannan duk gaskiya ne, kuma littafin ya zana shi da kyau. Amma ƙashin bayan labarin shi ne wata taska da wasu barade ke neman sacewa daga hannun sarki, kuma wannan ƙagen marubuci ne. Dukiyar Templiers mafi yawanta gonaki ne da gidaje da kuɗin haya a Turai, kuma Paparoma ya ba da umarnin a miƙa ta ga Hospitaliers. Akasarin ƴan ƙungiyar ma ba barade ba ne, masu kula da gandu ne da masu hidima. Wa zai sayi littafi a kan mai lissafin alkama?

Abin da ya fi damuna shi ne fuskar Musulmi a wasu littattafan. Sau da yawa taron rawuna ne kawai, ba suna, ba magana, sai ihu. Yaro ɗan Maraɗi ko Damagaram na iya ƙare littafin ko dai yana sha'awar baraden, ko kuma yana jin ƙiyayyar kowane Kirista, har da maƙwabcinsa. Tarihin ya fi haka sarƙaƙiya. Templiers sun mayar da masallacin Al-Aƙsa hedikwatarsu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma Usama ibn Munƙiz, basaraken Siriya na ƙarni na 12, ya ba da labari a Kitabul I'itibar cewa yana da abokai cikinsu, suna ba shi wani ɗan wuri a gefen masallacin ya yi salla. Wata rana wani Bature sabon zuwa ya damƙe shi ya juya fuskarsa gabas, su Templiers ɗin suka janye mutumin, suka ba Usama haƙuri. Ta ɗaya gefen kuma, Salahuddin da aka sani da yafiya, bayan yaƙin Hittin a 1187 ya sa an kashe Templiers da Hospitaliers da aka kama, domin ya san su ne ƙashin bayan rundunar abokan gaba.

Ni dai ba zan ƙwace littafin daga hannun yaro ba. A aji nakan sa ɗalibai su raba takarda gida biyu, abin da ya faru a hagu, abin da mai zane ya ƙara a dama, sannan in ba su labarin Usama. Iyaye kuma su leƙa kafin su saya, don wasu daga cikin littattafan na manya ne, da jini da tsiraici a ciki.