Umaru Ganda da Mustafa Alasan: Daraktoci Biyu, Baiwa Biyu

Tarihin silima a Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa gwanintar darakta takan tsiro ne daga rayuwar da ya taso a ciki. Umaru Ganda ya yi soja a yaƙin Indocina, kana ya fito a fim ɗin Jean Rouch a 1958. Saboda haka ƙarfinsa yana wajen sarrafa 'yan wasa da bayyana ƙuncin talaka, kamar a Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo gida ya tsiyace. Shi kuwa Mustafa Alasan makaniki ne mai zane. A Bon voyage Sim na 1966, kwaɗi ya zana domin yi wa shugabanni zambo. Lalle kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.