Cutar Noma da Dogon Jiran Gwajin Miyau

A ƙasar Mayahi da Tasawa, kamar sauran ƙasar Maraɗi da Damagaram, akwai ciwon da tsofaffi suka sani tun kafin likitoci su zo da sunansa. Yakan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi wanda bai daɗe da yaye ba, ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro jiki duk ya zube. Sai dasashi ya soma jini, baki ya yi ɗoyi, miyau na dalala, yaro ya ƙi abinci. Cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, baƙin tabo ya fito, naman ya ruɓe ya faɗi. Da yawa sukan ce ciwon iska ne, don haka wurin boka ake fara zuwa. Likitoci na kiransa noma, kuma in ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran da ya kama ba sa tashi.

Taimakon farko da ya zo Nijar na waɗanda ciwon ya riga ya ci ne. A 1992 ƙungiyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Suwizalan, ta soma aiki a Damagaram, tana karɓar yara, tana ciyar da su, tana nema musu tiyatar gyaran fuska. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana noma a matsayin matsalar lafiyar jama'a, kuma a shekarar ce Ute Winkler-Stumpf ta kafa Hilfsaktion Noma a Jamus, wadda ita ma ta sa ƙarfinta a Nijar. A 1998 hukumar ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara a duniya. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato. Duk aikin alheri ne, amma fuskar da aka ɗinka ba ta komawa yadda Allah ya yi ta. Tambayar da ta dami masu bincike ita ce ko za a iya gane ciwon tun yana ɓoye cikin baki.

A shekarun 1990 Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya, da abokan aikinsa sun zargi wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda aka sani a jikin dabbobi. Zargin ya shiga hankali, domin a gidajenmu yaro da akuya tsakar gida ɗaya suke kwana. Da ya tabbata, da aiki ya yi sauƙi: a ɗebi abin da ke bakin yaro, a nemi ƙwaya guda, a ba da magani.

A Nijar aka auna wannan fata. Daga Agustan 2001 zuwa Oktoban 2006, masu bincike na Janeba da ake kira GESNOMA sun bi yara 82 da noma ta kama a yankin Damagaram, maƙwabcin Tasawa ta gabas, suka kwatanta su da yara 327 masu lafiya. Sun ɗebi ruwan dasashi, sun auna tsayi da nauyi, sun tambayi iyaye mata halin gida. Ana cikin wannan aiki ne fari da fara na 2004 suka haifar da yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi. A shekarar kaɗai Likitoci Marasa Iyaka sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Duk wanda ya ga layin mata da goyo a cibiyoyin tamowa a wannan damina ya ga inda noma ke samun abincinta.

Sakamakon ya fito a 2012 da 2013, kuma bai zo da ƙwaya guda ba. Abin da aka gani shi ne jama'ar ƙwayoyin da ke zaune a kowane baki ce ta rikice: wasu irinsu Prevotella sun yi yawa, wasu sun ragu. Bakin mai noma kuma ya yi kama ƙwarai da na yaron da ke da ruɓewar dasashi kawai. Abubuwan da suka fi nuna wa zai kamu sun fito ne daga wajen baki: tsumburewa ko rama mai tsanani, zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watannin baya, da yawan cikin da uwa ta yi. A ganina wannan ne binciken da ya fi kowane amfani gare mu, ko da yake bai ba mu na'ura ba.

A wasu wurare kuwa gwajin ruwan baki ya yi nisa. A 2004 Amurka ta amince da gwajin ƙanjamau na OraQuick ta hanyar shafa dasashi. A Finlan, Farfesa Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki ya jagoranci ƙirƙiro gwajin kurkure baki da ke neman sinadarin aMMP-8, wanda ke ƙaruwa idan naman da ke riƙe haƙori ya soma lalacewa, kuma cikin mintuna ake ganin amsa. An gwada shi a kan manya a Najeriya, aka wallafa sakamakon a 2014. Amma na ciwon dasashi ne, ba na noma ba. Har yau da ido ake gane noma.

Shi ya sa a 2016 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da ɗan littafin da ya jera matakan ciwon, daga kumburin dasashi zuwa tabon da ke saura. A matakin ruɓewar dasashi maganin ba tsada: amoxicillin da metronidazole, wanke baki da chlorhexidine ko ruwan gishiri da aka tafasa, da abinci mai gina jiki. Tun 2006 kuma gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ranar 15 ga Disamba 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, aka sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, abin da ya buɗe ƙofar neman kuɗin bincike, har da na gwajin gaggawa.

Kafin wannan gwaji ya iso garuruwan ƙasar Mayahi irin su Kanembakashe ko Isawan, akwai abin da ke hannu. Duk yaron da aka kawo awon tamowa ko rigakafin ƙyanda, ma'aikacin lafiya ya buɗe bakinsa ya duba. Ke kuma uwa, in kin ga jini a dasashin yaron da ya rame, ko kin ji ɗoyi a bakinsa, ki kai shi gidan likita a ranar, kada ki jira kumburi.