Daga Madugu Zuwa Motar Tsere: Tarihin Keta Sahara Da Darasin Guzuri

A 'yan shekarun nan hotunan motocin tsere masu keta rairayi sun cika wayoyin samarinmu, har takan kai wasu ga lissafin kwana nawa mota mai gudu za ta yi daga Malanville zuwa Aljeriya. Wannan tambaya ta haura shekara 100 da haihuwa, kuma wani ɓangare na amsarta ta bakin kogin nan namu ya ratsa.

Kafin ƙarar inji ta shigo ƙasar nan, tafiya mai nisa ilimi ce mai malamanta. Fataken Kano da Sakkwato da Jega da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan tsallaka kogin Isa, wanda ake kira Kwara, a wajejen Gaya da Illo, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a garuruwa irin su Kandi da Nikki da Zugu kafin su isa Salaga. Yawancin unguwannin da ake kira zango a arewacin Benin daga nan suka samo asali. Kowane ayari yana da madugu, wanda ya san rijiyoyi da mafitai da sarakunan da ake biya wa fito, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, da malami mai addu'a da rubutu. A arewa kuma, Buzaye masu ayarin gishiri daga Azbin zuwa Bilma su ma madugu suke kiran jagoransu. Sai sanyi ya shigo suke tashi, da salkunan ruwa da harawar raƙuma ta zuwa da dawowa, domin Tenere ba ta ba baƙo ko tsinke. Dokokinsu uku ne: kada ka tafi kai kaɗai, kada ka tafi ba jagora, kada ka tafi da guzurin da ya yi daidai da kwanakin hanya kawai.

Turawa sun zo da mota suna zaton ƙarfe zai shafe waɗannan dokoki. Ranar 17 ga Disamba 1922 kamfanin Citroën na Faransa ya sallami motoci 5 masu sarƙa a ƙafafun baya daga Tugurt ta Aljeriya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Duniya ta yi ta tafi, amma kaɗan ne suka lura cewa kafin motocin su motsa an riga an kai mai da abinci an jibge a wurare daban-daban a kan hanya. Mota ta ci hamada, amma da tsarin zango ta ci ta.

Tafiyar da ta fi shafar mu ita ce ta 1924. Ranar 15 ga Nuwamba, Gaston Gradis ya tashi daga Colomb-Béchar da motocin Renault 3 masu ƙafa shida-shida. Tare da shi akwai babban hafsan sojan Faransa Franchet d'Espèrey, da ɗan jarida Henri de Kérillis, da 'yan'uwan juna Georges da René Estienne, da makanikai. Suka ratsa Tanezruft, shimfiɗaɗɗiyar hamadar da ake wa kirari da ƙasar ƙishirwa, suka faɗo kogi a ƙasar Gawo, suka biyo ta Yamai, suka tsallako zuwa Dahomey. Ranar 3 ga Disamba suka isa Save, inda layin dogo ya tsaya a wancan zamani, bayan kimanin kilomita 3,600. Manyan suka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. 'Yan'uwan nan biyu kuwa suka juya kan mota, suka koma Colomb-Béchar cikin kwana 6. A lokacin babu gada a kan kogin nan. Sai a 1958 aka gina ta farko tsakanin Gaya da Malanville.

Gudun kwana 6 ya burge jaridu, amma aikin da ya mayar da Tanezruft hanya shi ne wanda ya biyo baya. A 1926 kamfanin Gradis ya jera durori masu lamba a kowane kilomita 50, don su zama alama da ma'ajiyar ruwa. Na biyar ɗinsu, wanda ake kira Bidon V, ya zama tashar shan mai da kwana, daga baya aka kafa masa hasumiya mai fitila saboda jiragen sama. Wato abin da madugu yake riƙe da shi a ka, Bature ya rubuta shi a jikin duro. Wanda ya kauce wa layin kuwa ya shiga uku. Matuƙin jirgin sama ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya faɗi a kudancin Reggan a Afrilun 1933, ya yi kwana 8 yana jiran ceto har ruwansa ya ƙare. Sai a 1962 aka tsinci gawarsa.

Zamanin motar tsere na sosai ya zo da gasar Faris zuwa Dakar. Wanda ya ƙirƙiro ta, Thierry Sabine, shi kansa ya ɓata a hamada a kan babur a 1977 kafin a ceto shi. Gasar farko ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta biyo ta Tamanrasat da Agadas da Yamai. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa Dakar. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya, ya ɓace kwana 6 a kudancin Aljeriya bayan motarsa Peugeot 504 ta lalace, sai da jiragen soja suka bazama nemansa. A 1984 René Metge ya lashe gasar da Porsche 911, ya sake lashewa a 1986 da Porsche 959. To amma waɗannan ba irin na kan kwalta ba ne. An ɗaga su sama, an sa ƙafafunsu huɗu duka suna ja, ga mai karanta hanya zaune kusa da direba, ga manyan motoci biye da su ɗauke da tayoyi da kayan gyara. Madugu da jagaba da ayari ke nan sun dawo cikin sabuwar riga. Mai karatu ya kuma lura da watannin da aka ambata: Nuwamba, Disamba, Janairu. Lokacin da Buzu ya zaɓa, shi injiniya ya zaɓa.

Ɗan firaminista an neme shi da jirage. Namu fa? A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. Hausawa ne irinmu, neman abinci ya fitar da su. Hamadar da wasu ke shiga don nishaɗi, ga talaka kabari ce idan shiri ya gaza.

Saboda haka duk wanda ke shirya irin wannan tafiya daga nan, ya san abin da ke gabansa. Hanyar ita ce Gaya, Doso, Dogon Dutse, Birnin Ƙonni, Tawa, Agadas, Arlit, Asamaka, sannan In Gezzam da Tamanrasat. Daga Agadas zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, daga Arlit zuwa Asamaka kusan 200, kuma tsakanin garuruwan nan babu inda za ka dogara da samun mai ko makaniki. Motar da cikinta ke shafar ƙasa, rami ɗaya ko tudun yashi ɗaya ya ishe ta. Ga kuma sha'anin tsaro, wanda ya sa aka soke gasar Dakar a 2008 aka fitar da ita daga Afirka, da rufe gadarmu da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A tafi da sanyi, a tafi cikin ayari, a ɗauki ɗan ƙasa, a riɓanya ruwa da mai, a bar wa na gida labarin hanya da ranar isa. Idan mota ta mutu, a zauna a inuwarta, domin daga sama an fi hango mota a kan mutum.

Kakanninmu sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce sannu ba ta hana zuwa. Da jaki da raƙumi suka haɗa Gwanja da Kano, suka haɗa Kano da Gadamas, suka bar mana zangon da muke zaune a ciki yau. Allah ya jiƙan waɗanda rairayi ya rufe, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya. Amin.