Abin da Japan Ta Bari a Tsaye a Pearl Harbor

Da safiyar Lahadi, 7 ga Disambar 1941, jiragen saman Japan 353 suka afka wa Pearl Harbor, babban sansanin sojin ruwan Amurka a Hawaii. Sun hallaka mutum fiye da 2,400, suka kuma nutsar ko suka illata manyan jiragen ruwan yaƙi takwas. Jiragen ruwa masu dakon jiragen sama, su uku, ba sa tashar a ranar, don haka suka tsira.

Sai dai akwai abin da maharan suka tarar amma suka ƙyale: tankunan mai da wuraren gyaran jirage. Da sun ƙone su, da ya yi wa rundunar wuya ta ci gaba da yaƙi daga tsakiyar tekun Pasifik, domin gaɓar Amurka na da nisan kilomita kusan 4,000.

Cikin wata shida kuskuren ya bayyana. A ƙarshen Mayun 1942, Yorktown, mai dakon jiragen sama, ya shigo tashar da mummunan rauni daga yaƙin tekun Coral. An ƙiyasta gyaransa zai ci wata uku. Ma'aikata kimanin 1,400 suka duƙufa dare da rana, ya koma teku cikin kwana uku.

A yaƙin Midway, farkon Yuni, jiragensa na cikin waɗanda suka nutsar da masu dakon jiragen Japan huɗu. Shi kansa Yorktown can ya nutse, amma daga ranar Japan ta daina faɗaɗa ikonta zuwa gabas. Maƙera da masu walda na Pearl Harbor suna da kaso a wannan nasara.