Ciyawar Da Ake Ajiyewa A Tsaye: Tarihin Kentaki 31

A shekarar 1931, wani malamin Jami'ar Kentaki da ke Amurka, Dakta E. N. Fergus, ya ziyarci wata gona a gundumar Menifee. A gefen wani tudu ya ga ciyawa kore shar, alhali sanyi ya riga ya ƙone sauran ciyayi. Ya karɓi irinta ya tafi da shi gwaji. Ciyawar nan ita ce feskiyu, asalinta daga Turai. A 1943 aka fitar da ita ga manoma da sunan Kentaki 31.

Mai karatu, ka san halin da makiyayi yake shiga da rani a nan wajenmu. To su can hunturu ne raninsu: ciyawa ta daina tsiro, sai a koma kan ingirici, wanda yankansa da ɗaurinsa da jigilarsa ke cin kuɗi ba kaɗan ba. Shi ya sa manoma suka yi rububin wannan ciyawa, har ta mamaye eka wajen miliyan 35.

Sai dai ba a daɗe ba aka fara kuka. Shanu ba sa ƙiba yadda ya kamata, da zafi sai su tsaya cikin ruwa suna haki, da tsananin sanyi kuma wasu su gurgunce, har kofato ko bakin wutsiya ya guntule. An yi shekaru ana lalube. A 1977 ne Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka danganta cutar da wata fumfuna da ke zaune cikin jikin ciyawar, wadda ido ba ya gani. Ita ke fitar da guba mai matse jijiyoyin jini.

Za ka ce ai sai a raba ciyawar da fumfunar, a huta. An yi hakan a shekarun 1980, amma sabon irin ya kasa jure fari da ƙwari da yawan kiwo. Ashe fumfunar ce garkuwarta. Sai wajen 2000 aka samu iri mai ɗauke da fumfuna marar cutar da dabba, wadda aka samo ta hannun masu bincike na Niyuzilan. Amma sake shuka gona gaba ɗaya akwai tsada, don haka har yau tsohuwar Kentaki 31 ce ta fi yawa.

To yaya ake cin moriyarta? Dabarar ita ce ajiya a tsaye. A watan Agusta sai a janye shanu daga fili, a zuba takin zamani, a bar ciyawar ta yi ta tsiro har Nuwamba. Feskiyu ba ta fitar da kai sai da bazara, saboda haka tsiron kaka ganye ne zalla. Sanyi na sa ta tara sukari, kuma ganyenta na da wani rufi kamar kakin zuma da ke rage lalacewa. Kwatanta da gamba idan ta ƙosa ta bushe: yawanci kara ne, furotin ɗinta ya yi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari da ƙwayoyin halittar tumbi ke buƙata don narkar da abinci. Feskiyun da aka ajiye kuwa takan wuce wannan ma'auni har ƙarshen hunturu, sau da yawa ma ta fi ingiricin da aka yanka a makare.

Gubar fa? Wani bincike na Jami'ar Mizuri da aka wallafa a 2003 ya nuna tana raguwa sosai daga Disamba zuwa Maris, fiye da yadda amfanin ciyawar ke raguwa. Shi ya sa ake ba manomi shawarar ya fara ba da ingirici, ya ɗan jinkirta sakin shanu. In ya sake su kuma, ya riƙa tsaga filin da wayar lantarki, rabon kwana biyu ko uku, don kada su tattake abin da ba su ci ba.

Idan ka ga ciyawa tsaye a fili, kafin ka yaba yawanta, tambayi lokacin da ta tsiro, ka kuma duba: ganye ne ko kara?