Asalin Hatimin Jamhuriyar Nijar

Tun zamanin da, sarakunan duniya ba su yarda da wasiƙar da ba ta da shaida. Hadisi ya zo cewa sa'ad da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar rubuta wa sarkin Rum wasiƙa, sai aka gaya masa ai mutanen nan ba su karanta takarda sai mai hatimi. Sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa da manzancinsa a jiki, layi uku. Bayan wafatinsa Sayyidina Abubakar ya riƙe zoben, sannan Sayyidina Umaru, sannan Sayyidina Usmanu, wanda a zamaninsa ne zoben ya faɗa rijiyar Aris a Madina, aka yi ta nema ba a gan shi ba.

Sarakunan Musulmi suka ɗauki wannan al'ada, har ta ƙetaro hamada ta iso ƙasashenmu. Shehunan Barno a Kukawa da Sarakunan Musulmi a Sakkwato duk suna da nasu. Magatakarda ya rubuta wasiƙa da Larabci, a shafa wa hatimi tawada, a danna. Abin da ke jikinsa sunan sarki ne da addu'a, babu hoton dabba balle na mutum. Damagaram tana bin Barno a lokacin, ita kuma ta rinjayi ƙasashen Sosebaki na kudu da ita, irin su Dungas da Waca, saboda haka mutanen wannan yanki sun san darajar takarda mai hatimi tun kafin su ga Bature. Amma fa hatimin wancan zamani na mutum ɗaya ne. Ran da sarki ya rasu, ko aka tuɓe shi, ran nan aikin hatiminsa ya ƙare, magajinsa sai ya sa a sassaƙa masa nasa.

Ana nan sai Faransawa suka ci Zinder, birnin Damagaram, a 1899, bayan yaƙin Tirmini. Suka mai da ita babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, kafin su koma Yamai. Su ma da nasu hatimin suka zo, sai dai nasu na ofis ne. Kwamanda ya yi shekara biyu ko uku a bariki, a ɗauke shi, wani ya zo ya buɗe aljihun tebur ya tarar da hatimin da wancan ya bari, ya ci gaba da bugawa. Babban hatimin ƙasarsu kuwa, wanda suka yi tun 1848, hoton mace ne a zaune, ga zakara kusa da ita. Ko kusa bai shafi manomin Magarya ba, amma da sunan wannan hukuma ake karɓar masa haraji, da shi ake ba shi takardar izinin tafiya.

Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Aka zaɓi tuta ran 23 ga Nuwamba 1959, aka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani yana shugaba. Tambarin ƙasa ya ɗan yi jinkiri, sai ran 1 ga Disamba 1962 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara shi. Daga baya bayanin hatimi da na tambari ya shiga tsarin mulki, har na ran 25 ga Nuwamba 2010 yana ɗauke da shi a sashensa na farko, tare da tuta da taken ƙasa.

To, ga yadda hatimin yake. Da'ira ce mai faɗin milimita 40, wato kamar yatsu biyu a jere. A tsakiya akwai garkuwa, a cikin garkuwar rana tana haske. Gefe ɗaya mashi ne a tsaye, takubban Abzinawa biyu sun gitta a kansa. Ɗaya gefen zangarniyar hatsi uku ne, ɗaya a tsaye, biyu a gicciye. A ƙasa kan sa ne mai ƙaho. Rubutu ya kewaye su da Faransanci: a sama sunan Jamhuriyar Nijar, a ƙasa kirarin ƙasa, 'yan'uwantaka, aiki, ci gaba. Wani abin da kan rikitar da mai karatun dokar shi ne ta ce mashi yana dama, hatsi yana hagu, alhali in ka duba da idonka akasin haka za ka gani. Ba kuskure ba ne. Masu zana tambari a Turai suna lissafi da hannun wanda ya riƙe garkuwar ne, ba na wanda yake kallonta ba.

Tambari ɗan'uwan hatimi ne, sai dai shi da launi. Garkuwar nan ce dai, an jingina ta a kan tutocin ƙasa huɗu, biyu dama biyu hagu, sunan ƙasa a ƙarƙashi. Doka ta ce garkuwar kore ce, abubuwan da ke cikinta ruwan zinariya. Duk da haka sau da yawa za ka gan ta fara ko ruwan ɗorawa a takardu da allunan ofisoshi, ko wane mai zane da abin da ya samu ya kwafa.

Ma'anar zanen ba ta ɓuya. Rana tana kan tuta ma, kuma ba sai an gabatar da ita ga mutumin Nijar ba. Mashi da takobi na tuna mazajen da suka kafa dauloli suka tsare hanyoyin fatake. Kan sa na makiyayi ne, hatsi na manomi.

Wurin hatsin nan ya kamata mu dakata, don a ganina nan ne masu zanen suka nuna hangen nesa. A 1962 gyaɗa ce sarauniya. Ita ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, a shekarar ce ma aka kafa kamfanin SONARA don cinikinta, kuma ƙasar Magarya na cikin wuraren da suka fi ko'ina nomanta. Da kuɗi suka duba, da kwanson gyaɗa suka zana. Sai suka zana abin da ake yin tuwo da fura da shi. Ba a jima ba aka shiga farin shekarun 1970, cuta ta faɗa wa gyaɗa, cinikinta ya durƙushe, ƙarfen uraniyom na Arlit da aka fara haƙowa a 1971 ya karɓi wurinta a baitulmali. Yau ga man fetur na Agadem. Hajar fitarwa tana ta sauyawa, amma rumbun mutumin Kwaya ta ƙasar Magarya da na Dungas har gobe hatsi ake zubawa a ciki. Masunta na kogin Kwara da tafkin Cadi dai suna iya cewa an manta da su, raƙumi ma bai samu shiga ba. Garkuwa ƙarama ce, ba ta ɗaukar kowa.

Babu sunan kowa a jikin hatimin nan, kuma ina jin shi ya sa ya daɗe. Seyni Kountché ya kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974, bai taɓa shi ba. An yi juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023, an yi jamhuriya har bakwai, hatsi da takobi suna nan inda suke. Maƙwabta ba haka suka yi ba: Dahomey ta koma Benin a 1975, Haute-Volta ta koma Burkina Faso a 1984, ko wacce ta sake tuta da tambari. A Nijar taken ƙasa ne aka sauya, a watan Yunin 2023. Ministan shari'a shi ake kira mai tsaron hatimi, laƙabin da aka gada daga Faransa.

Saura yadda abin ya sauko ƙauye. Dokokin 2002 suka raba ƙasa zuwa ƙananan hukumomi 265, aka yi zaɓen kansiloli a watan Yulin 2004. Kwaya ta zama ƙaramar hukumar karkara a gundumar Magarya, tare da su Bande, Danciyau, Sassumburum, Yekuwa da Waca. Ko wace ma'aikatar magajin gari ta sami nata hatimin na roba mai ɗauke da sunan ofis, ana buga shi a takardar haihuwa, da ta aure, da ta mutuwa. Yaron da ba shi da irin wannan takarda yakan sha wahala ran da za a rubuta sunansa don jarrabawa, shi ya sa iyaye ke zirga-zirga a ƙofar ofishin. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, da Dogo-Dogo da Guci da Malawa a ƙarƙashinta, aka sake kan takardunsu da sunan sabuwar gunduma. A watan Afrilun 2024 kuma gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi, su suka karɓi sa hannu da buga hatimi daga magadan gari.